Buluberin daji da na gona: bambancin da ke cikin ɓawo, da wanda ke kaiwa jini

Masu sayar da buluberin daji suna da magana ɗaya da ba sa gajiya da maimaitawa, wai nasu ya ninka na gona a sinadaran da ke kare jiki. Ba ƙirƙirar maganar suka yi ba, akwai awon da ta dogara a kansa. Sai dai a kwalbar gwaji aka yi awon, kuma hukumar da ta fitar da alƙaluman, wato Ma'aikatar Noma ta Amurka, da kanta ta janye su tun 2012. To idan aka ajiye wannan awon gefe, me ya rage na fifikon ɗan daji a kan ɗan gona?

Buluberi ɗan ƙaramin ɗan itace ne, shuɗi mai duhu, da ɗan kambi mai tsini biyar a ƙarshensa. Dangin tsiron masana na kiransa Vaccinium, kuma uku daga cikin 'yan dangin ne suka shafi wannan magana. Na gona, wanda ya cika kasuwannin duniya, shi ne Vaccinium corymbosum, itace ne da kan kai tsawon mutum ko ya wuce. Na daji shi ne Vaccinium angustifolium, gajere ne da ba ya kai gwiwa, yana shimfiɗe a filayen jihar Maine ta Amurka da lardunan gabashin Kanada irin su Quebec, Nova Scotia da New Brunswick. Na ukun shi ne bilberi na Turai, Vaccinium myrtillus, wanda ake tsinta a dazukan Finlan da Suwidin da maƙwabtansu, kuma sau da yawa shi ma akan kira shi buluberin daji, abin da ke ƙara rikita mai saye.

Kalmar "daji" ɗin ma tana buƙatar gyara. Gaskiya ne ba wanda ya shuka buluberin Maine. Ya mamaye ƙasar ne bayan ƙanƙarar da ta rufe yankin ta janye, shekaru kusan 10,000 da suka wuce, kuma yana yaɗuwa ta saiwar da ke rarrafe a ƙarƙashin ƙasa tana tsiro nan da can. Al'ummar Wabanaki, 'yan asalin wurin, sun daɗe suna ƙone filayen don tsiron ya sake tohowa da ƙarfi. Amma filayen yau suna da masu su, kuma ana kula da su kamar kowace gona. Shekara ɗaya a sassabe ko a ƙone, shekara ta biyu a girbe da wani abu mai kama da gajeriyar manjagara ko da inji. Ana hayar amyar zuma a kawo lokacin fure, ana sa taki, da yawa kuma suna fesa maganin ciyawa da na ƙwari. Wanda ya ɗauka cewa "na daji" na nufin "wanda magani bai taɓa ba" ya yi kuskure, sai in an rubuta hakan daban a jikin ledar.

Shi kuwa na gona, tarihinsa gajere ne. Har farkon ƙarni na 20 manoman Amurka sun yi ta dasa shi yana mutuwa, sai da wani masanin tsirrai na Ma'aikatar Noma ta Amurka, Frederick Coville, ya gano a wajajen 1910 cewa ƙasa mai tsami yake so, irin wadda sauran amfanin gona ke gudu. Elizabeth White, 'yar wani manomi a jihar New Jersey, ta karanta rahotonsa ta gayyace shi gonarsu. Ta riƙa biyan mutanen yankin kuɗi su shiga daji su nemo mata itatuwan da 'ya'yansu suka fi girma, Coville kuma yana haɗa irinsu. A 1916 suka kai amfanin farko kasuwa. A lura da abin da aka zaɓa tun ranar farko: girma. Daga baya aka ƙara da zaƙi, da tauri don ya jure tafiya, da nunar da ta dace da kasuwa. Da wannan zaɓin ne buluberi ya kai ƙasashen da ba su san shi ba, har Peru ta zama kan gaba wajen fitar da ɗanyensa. Ba wanda ya zauna yana zaɓen iri saboda duhun ɓawonsa, alhali a cikin ɓawon nan ne dukiyar take.

Sinadarin da ake ta magana a kansa sunansa antosayanin, shi ne ke rina 'ya'yan itace da ganyaye ja ko shunayya. A buluberin Amurka, na daji da na gona duka, kusan dukkansa a ɓawo yake. Tsaga ɗaya ka gani, cikin fari ne ko kore-kore. Daga nan lissafin ya zama na ɗan makaranta. A ce ɗan gona ya ninka ɗan daji a faɗi. Kenan sai an tara ƙanana takwas kafin su yi nauyin babba ɗaya. Ɓawon kowane ƙarami kwata ne na ɓawon babban, kwata sau takwas kuwa biyu ne. Wato a nauyi ɗaya, ƙananan sun ba ka ɓawo ninki biyu, da ƙananan ƙwayoyin iri masu yawa, da ruwa kaɗan. Babu wani sirrin daji a nan, ƙanƙanta ce kawai. Shi ya sa wani tsohon irin gona mai suna Rubel, wanda White ta samo daga daji kuma 'ya'yansa ƙanana ne, yake cikin waɗanda suka fi sauran irin gona yawan wannan sinadari.

Bilberin Turai ya fita daban, don shi har cikinsa rinanne ne, yana mai da harshe da yatsu shunayya, kuma a yawancin awo ya fi sauran biyun antosayanin. Shi ne aka rataya wa labarin nan na matuƙan jiragen yaƙin Birtaniya da wai suke cin sa a Yaƙin Duniya na Biyu don su ƙara gani da dare. Labari ne mai daɗin ji, amma gwaje-gwajen da aka tsara da kyau a kan masu lafiyar ido ba su nuna ƙarin ganin dare ba.

Wani abin sha'awa a gefe: rinin da ke ɓawon buluberi ba shuɗi ba ne, ja ne mai duhu. Masu bincike a Jami'ar Bristol sun nuna a 2024 cewa shuɗin da ido ke gani daga siririn kakin da ke lulluɓe da ɓawon yake, wanda tsarinsa ke watsa hasken shuɗi. Wannan farin-farin ƙurar da wasu ke gogewa suna zaton datti ne, shi ne kakin.

To nawa ne bambancin a zahiri? Ya danganta da wanda ya auna da yadda ya auna. Wani bincike da masana Ma'aikatar Noma ta Amurka suka buga a 2006 ya sami kimanin miligiram 387 na antosayanin a giram 100 na ɗan gona, da 487 a na daji. Ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu kenan, ba ninki ba. Wasu awon sun ba da adadi ƙasa da wannan ga duka biyun, tare da tazara mafi faɗi a tsakaninsu. Dalilin saɓanin a bayyane yake. Irin gona suna da yawa kuma sun bambanta sosai, filin daji ɗaya ma tarin tsirrai ne daban-daban, wannan baƙi ƙirin, wancan mai haske, ga yawan ranar da ya sha, ga nunarsa lokacin tsinka, ga shekarar kanta. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne, a matsakaici na daji ya fi, wani lokaci da kaɗan, wani lokaci ya kusa ninkawa.

Ainihin "ninki biyun" daga wani awo ne da ake kira ORAC, wanda ke duba ƙarfin ruwan abinci wajen kashe wasu ƙwayoyin sinadari masu lalata sassan jiki, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. A jadawalin ma'aikatar na 2010, ɗan gona ya sami 4,669, na daji 9,621. Bayan shekara biyu ma'aikatar ta sauke jadawalin gaba ɗaya daga shafinta, ta ce adadin ba ya nuna abin da ke faruwa a jikin ɗan adam, kuma 'yan kasuwa suna amfani da shi ta hanyar da ba ta dace ba. Ta yi gaskiya. Antosayanin ba ya shiga jini yadda aka haɗiye shi. Abin da ake samu a jini da fitsari a siffarsa ta asali bai fi kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba. Sauran yakan farfashe a hanji, ƙwayoyin halittar da ke zaune a babban hanji su sarrafa shi, hanta ta ƙara sauya shi. Masu bincike a Jami'ar East Anglia ta Ingila sun yi wa sinadarin alama a 2013 suka bi sawunsa a jikin mutane, suka ga idan an haɗa da ɓurɓushin da ya rikiɗe ya zama, abin da jiki ya ɗauka ya kai wajen kashi 12 cikin ɗari, wasu ɓurɓushin kuma suna yawo a jini har kwana biyu. Wato idan buluberi na da amfani, mai yiwuwa ta hannun waɗannan 'ya'yan nasa ne, ta yadda suke taɓa bangon jijiyoyin jini da kumburin cikin jiki. Kwalba ba ta da hanji ba ta da hanta.

Akwai kuma darasin da masana suka sha da ɗaci. A 1994 an fitar da sakamakon wani babban gwaji a Finlan kan maza masu shan taba su fiye da 29,000, inda aka bai wa wasu ƙwayar beta-karotin, wani sinadarin da shi ma ake yabo da hana tsatsar jiki. Maimakon sankarar huhu ta ragu, sai ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a cikin waɗanda suka sha. Ba antosayanin ba ne, kuma bai nuna buluberi na da illa ba, amma tun daga nan duk mai hankali ya daina ɗaukar ƙarfi a kwalba a matsayin lafiya a jiki.

A sauran abubuwan gina jiki, buluberi ba gwani ba ne kamar yadda sunansa ya yi tambari. Giram 100 na ɗanyen ɗan gona ruwa ne kashi 84 cikin ɗari, da kalori 57, sukari wajen giram 10, faiba giram 2.4, wato harzar nan da ciki ba ya narkarwa amma hanji ke buƙata. Bitamin C ɗinsa bai cika miligiram 10 ba, alhali lemo yana da fiye da 50. Furotin da maiƙo kusan babu. Yana da bitamin K daidai gwargwado, maikirogiram 19, wanda bai kama ƙafar na ganyaye masu duhu ba. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ba a hana shi ci ba, abin da ake so dai kada ya sauya yawan cinsa farat ɗaya ba da sanin likitansa ba.

A wurare biyu na daji ya yi zarra ba gardama. Faibarsa ta kai giram 4 da ɗoriya a giram 100, kusan ninki, saboda yawan ɓawo da ƙwayoyin iri, kuma ga wanda ke fafutukar cika giram 25 da ake so baligi ya samu a yini, wannan ba ƙaramin ƙari ba ne. Na biyu manganis, inda yake da kusan miligiram 2.9 a kan 0.3 na ɗan gona, don ƙasa mai tsami tana sakin wannan ma'adini kuma gajeren tsiron yana zuƙarsa sosai. Tazarar tana da ban mamaki a takarda. Sai dai abin da baligi ke buƙata a yini wajen miligiram 2 ne kawai, hatsi da wake da gyaɗa da shayi duk suna bayarwa, kuma ƙarancinsa a jikin mutum abu ne da ba kasafai ake gani ba. A ganina wannan fifiko ne na gaske amma wanda mafi yawan mutane ba su da buƙatarsa.

Sunan buluberi a matsayin abincin ƙwaƙwalwa daga ɓeraye ya faro. A 1999 James Joseph da abokan aikinsa a Jami'ar Tufts sun ciyar da tsofaffin ɓeraye abinci mai garin buluberi na mako takwas, suka ga sun fi takwarorinsu iya tsayuwa a kan sanda da tuna hanya. Jaridu suka ɗauka, kasuwa ta buɗe.

A kan mutane, hujja kashi biyu ce, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Akwai binciken da ake bin dubban mutane shekara da shekaru ana tambayarsu abin da suke ci. A 2013 an buga ɗaya a kan mata ma'aikatan jinya 93,600 a Amurka da aka bi shekara 18, inda masu cin buluberi da sitiroberi fiye da sau uku a mako suka sami raguwar haɗarin bugun zuciya da wajen kashi ɗaya cikin uku. A shekarar dai, wani binciken na Jami'ar Harvard a kan mutane fiye da 187,000 ya danganta cin buluberi sau uku a mako da raguwar haɗarin ciwon sukari nau'i na biyu da kashi 26 cikin ɗari, shan ruwan 'ya'yan itace kuwa aka danganta shi da ɗan ƙarin haɗari. A 2012 ma an ga tsofaffin mata masu yawan cin waɗannan 'ya'yan itace sun fi jinkirin raunin tunani, kamar an rage musu shekara biyu da rabi. Adadin na da burgewa, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mai sayen buluberi kowane mako galibi mai hali ne, mai zuwa asibiti, mai motsa jiki, marar shan taba. Masana kan yi ƙoƙarin cire tasirin waɗannan da lissafi, amma ba sa fita tas. Sannan takardar tambayar "buluberi" kawai ta ce, ba ta raba na daji da na gona ba, kuma mafi yawan abin da ake ci a Amurka na gona ne.

Kashi na biyu shi ne gwajin da ake raba mutane da ƙuri'a, a bai wa wasu garin buluberi, wasu garin bogi mai kama da shi. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na East Anglia da aka buga a 2019. An ɗauki mutane 138 masu ƙiba da alamun matsalar sukari da kitsen jini, aka bi su wata shida. Waɗanda suka ci daidai da kofi ɗaya, giram 150 a yini, jijiyoyin jininsu sun ƙara buɗewa da laushi. Amma abin da aka fi sa rai a kai, yadda jiki ke amsa insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, bai motsa ba, hawan jini ma haka. Masu rabin kofi kuwa ba a ga komai a jikinsu ba. Da na gona aka yi wannan gwajin. A King's College da ke Landan kuma an yi da na daji: maza masu lafiya 40, daidai da giram 200 a yini na wata ɗaya, adadin sama na awon hawan jininsu ya sauka da wajen 5. Wani gwajin nasu na 2023 a kan tsofaffi 61 na mako 12 ya ga saukar da ba ta kai 4 ba, da ɗan ci gaba a wasu gwaje-gwajen tunani, ba duka ba. Can baya a 2010, wani ƙaramin gwaji a jihar Louisiana kan mutane 32 ya ga insulin ya fi aiki bayan mako shida, abin da babban gwajin 2019 bai tabbatar ba.

Wanda ya jera waɗannan zai ga abu uku suna maimaituwa. Tasirin da ya fi tsayawa da ƙafarsa a kan jijiyoyin jini yake, kuma matsakaici ne, irin wanda ke da ma'ana idan an ɗore amma ba ya maye gurbin maganin hawan jini. Gwaje-gwajen ƙanana ne kuma gajeru, suna auna alamu ne, ba wanda ya bi mutane har ya ƙirga waɗanda zuciyarsu ta buga. Da yawansu kuma ƙungiyoyin manoman buluberi ne suka ba da kuɗi ko garin gwajin, na gona suna tallafa wa nasu, na daji nasu. Wannan bai mai da sakamakon ƙarya ba, amma ya bayyana dalilin da ya sa buluberi ke da tulin takardu alhali wasu 'ya'yan itace masu duhun ɓawo, irin su baƙin inabi da bilakberi, da kabeji ja, waɗanda su ma cike suke da antosayanin, ba su da mai yi musu kirari. Kuma hujjar da aka tara kowanne an gwada shi ne da garin bogi, ba da ɗan'uwansa ba. Fifikon ɗan daji a kan ɗan gona a jikin mutum hasashe ne da aka ciro daga yawan sinadari, hasashe mai ma'ana, amma hasashe.

Ni dai abin da na ɗauka daga gwajin 2019 shi ne maganar kofi da rabin kofi. Idan yawa ne ke sa a ga tasiri, to amfanin ɗan daji shi ne a kai ga adadin da ɗan abin da bai kai kofi ba. Mai ɗan gona kuwa sai ya ƙara hannu ɗaya, ya iso wuri guda. Barbaɗa ƙwaya goma a kan kek sau ɗaya a wata ba ya cikin lissafin kowane gwaji, ko daga wane daji aka tsinko su.

Siffar da aka ci shi ma tana iya shafe duk tazarar da ake gardama a kai. Na daji ɓawonsa laushi gare shi, ba ya jure tafiya, shi ya sa kusan duk girbin ake daskarar da shi cikin kwana ɗaya da tsinka, kuma sanyi yana riƙe antosayanin watanni ba tare da babbar asara ba. Ɗanyen ɗan gona da ya yi makonni a jirgin ruwa da shago bai fi daskararre komai ba, in ban da daɗin tauna. Zafi ne abokin gabar sinadarin, dogon dahuwa da gashi suna rage shi. Matsewa a yi ruwa tana barin ɓawo da faiba a cikin tuƙa, a sha sukarin. Busasshen da ake sayarwa a leda kuwa yawanci an jiƙa shi a ruwan sukari kafin a busar, har sukarin da ke cikin giram 100 nasa kan ninka na ɗanye sau biyar ko shida, ko da an rubuta "na daji" da manyan haruffa a gaban ledar. Jerin kayan haɗin yana baya, da ƙananan haruffa.